Azumin Shekarar da Teku Ta Rufe

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar gumi. Zafin rana mun saba da shi. Gumin ƙarshen bazara nake nufi, lokacin da iska ke tsayawa cik a kan Jidda kamar an kife garin da ƙwarya, mutum ya yi wanka ya fito bai san inda ruwa ya ƙare zufa ta fara ba. Jiya da la'asar ina kwance ƙarƙashin fanka a gidanmu na Hindawiyya, jikata ta shigo tana mita da Larabci wai ƙanƙarar firiji ta ƙi daskarewa. Hausa tana ji, mayarwa ce ba ta iya ba. Na ce mata, "Halas, shi ke nan, bar ta, kafin igwar shan ruwa ta tashi za ta yi." Tana fita iskar kudu ta turo warin teku ta taga, warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa, sai na tashi zaune. Manya kan ce azumi zagaya shekara yake yi, sai ya yi talatin da 'yan kai kafin ya koma inda ya baro. To ya koma. A daidai irin wannan lokacin muka yi wani azumi cikin shekarun yaƙin Turawa, kuma tun jiya nake ta juya shi a raina.

Ni haifaffiyar Jidda ce. Iyayena sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka yi hajji, guzuri ya ƙare, suka zauna. Haka mafi yawan mutanen unguwarmu, mu da ake kira Takari. A lokacin garin yana da ganuwa, mu kuwa muna bayanta ta kudu, cikin bukkokin da aka haɗa da gwangwanayen kananzir da aka fasa aka baje, da tsofaffin buhuna da tabarmi. In rana ta take, bangon ɗaki ba ya taɓuwa.

Mu huɗu ne a gida: ni, da maigidana Malam Sale, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ɗana na fari, Baffa, yana goye. Malam ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun cikin ruwa, sai su tsaya can nesa, a bi su da sambuk, wato manyan kwale-kwale masu tafiya da iska, a sauko da kaya da alhazai. Duk abin da Jidda ke ci ta wannan hanyar yake shigowa. Shinkafa daga Hindiya, alkama daga Masar, dawa daga Sudan, sukari, shayi, ashana, yadi. Garin ba ya noma ko ƙwayar gero. Ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba sai da jirage suka daina zuwa.

Ba rana ɗaya suka daina ba. Raguwa suka riƙa yi, har ya zama Malam ya fita da asuba ya zauna a gaɓa yana kallon ruwa, ya dawo da azahar hannu wayam. Wani attajiri a cikin gari yana da rediyo, maza kan tsaya a gindin tagarsa su ji labari su kawo mana. Jamus ta ci nan, Ingila ta ƙwace can, an nutsar da jirgi a wani wuri da ba mu taɓa jin sunansa ba.

Inna ta ce, "Wai su wane ne ke faɗan nan?"

Malam ya ce, "Nasara da Nasara, Inna."

"Ƙasar nan ta shiga?"

"Ba ta shiga ba. Ba ruwanmu."

Ta dubi tukunya ta ce, "Ba ruwanmu? To ina shinkafar?"

Sau ɗaya na ga yaƙin da idona. Wata rana aka wuce da wasu Turawa ta bakin gaɓa, an ce jirginsu ne ya lalace suka faɗo tudu. Ba takalmi, leɓunansu sun tsattsage, fatar wuyansu na saɓulewa saboda rana. Aka zuba su a sambuk aka kai su wani tsibiri aka ajiye. Ban da wannan ba mu ji ƙarar bindiga ba, ba mu ga wuta ba. Sai dai katakai da teku ke turowa gaɓa, wasu da rubutun Turawa a jiki, wasu a babbake. Da su muke girki.

Cikin wannan hali Yaya Gambo ta zo gidanmu. Mutuniyar Damagaram ce, doguwa, siririya, mai wushirya. Ita da mijinta sun shekara da shekaru a hanya, suna tsayawa suna aikin gona a ƙasar Sudan har suka tsallako. Sun samu hajjinsu, suka sauko Jidda jiran jirgin komawa, jirgi bai zo ba. Zazzaɓi ya kama mijin ya rasu a wata rumfa kusa da mu. Ko yadin likkafani sai da aka yi ta nema. Inna ce ta ga matar zaune ita kaɗai bayan an watse, ta kama hannunta ta kawo ta. Malam ya ƙara buhu ya raba ɗakin Inna biyu.

Ta bar 'ya'ya biyu a gida wurin mahaifiyarta, mace da namiji. Namijin sunansa Lawali. In muna tafiya ta ga yara suna wasa, sai ta rage sauri ta zaɓi ɗaya da ido. "Hawwa, Lawali zai kai wancan yanzu." Wata shekarar ta zaɓi wanda ya fi tsawo.

Da azumin da nake magana ya kama, mun riga mun rame. Ranar takan fara da neman ruwa. Akwai inji a bakin teku da ake kira Kindasa, shi ke tace ruwan gishiri ya zama na sha. Da kwal yake aiki, kwal kuma jirgi ke kawo shi. Duk garin ana jin bugunsa, dum, dum, kamar ana daka a nesa. Mun saba har ba ma jinsa. A shekarun nan kuwa kunnen kowa na kansa. In ya yi shiru sai ka ga mata sun tsaya da taɓarya a hannu suna duban juna. Malam ya bar zaman gaɓa ya koma ɗaukar ruwa da zafa, gwangwani biyu rataye a sanda, yana kai wa gidajen masu hali a cikin gari. Kafaɗarsa ta yi gyambo, Inna na shafa mata kitsen raƙumi. Abin da ya samu mu saya gurasa, ya kuma rage mana ɗan ruwan Kindasa a gindin gwangwani saboda jariri. Mu manya ruwan zartsi muke sha daga rijiyoyin bayan gari, ko na tsofaffin tafkunan da aka gina don tara ruwan sama, wanda ya yi kore, sai an tace shi da gefen zane a ga ƙananan tsutsotsi suna motsi. Ruwan da aka wanke kifi da shi ba a zubarwa. A bar shi ya kwanta a wanke tukunya, a kuma yayyafa a ƙasa don ta huce.

Ana sallar asuba ni da Yaya Gambo mu fita. Hukuma na raba gurasa, ba za a ce ba ta yi ƙoƙari ba, amma mutane sun fi gurasar yawa. Ga mu, ga mutanen Jawa da na Hindiya da na Buhara waɗanda teku ta rufe da su, ga Larabawan ƙauye da fari ya koro. Wani lokacin mu samu, wani lokacin a rufe taga muna kusa da kaiwa. "Mafi, mafi, bukra," wato babu, sai gobe. Gurasar da kanta ta canza. Tana da duhu, tana da tsakuwa, in ta kwana sai an jiƙa.

Daga nan mu zagaya ganuwa mu nufi Ruwais, unguwar masunta, tafiya mai nisa a kan rairayi. Matan masunta na neman masu taya su fiɗar kifi da zuba gishiri, ladan aikin kuwa kawunan kifi da 'yan ƙananan da ba sa sayuwa. Mu zauna a inuwar wani kifaffen kwale-kwale muna ta yanka. Ƙudaje su rufe hannu, gishiri ya shiga duk inda ƙaya ta soke ka. Raɓa ba ta bushewa a irin wannan lokacin, zane ya manne a jiki, ƙurajen zafi su feso a wuya da ƙarƙashin nono. Ga teku shimfiɗe a gabanka, ruwa iya ganinka, harshe kuma ya yi kauri a baki. Yaya Gambo ba ta son kallonta. Kullum baya take ba ta.

Kafin la'asar mu dawo. Inna ta riga ta hura wuta da kashin raƙumi da guntun katako. Abin da ya riƙe mu a azumin nan fara ce. Wasu watanni kafin azumi ta sauka a bayan gari har rana ta dushe, Inna ta tashe mu da buhuna, muka kwaso, aka tafasa da gishiri, aka shanya a kan rufin gwangwani. Ita ta ga yunwa a ƙasarsu tun tana budurwa, shi ya sa ta hana a ci sai da awo. Kowace yamma ta ɗebi tafi ɗaya ta daka, ta zuba a romon kan kifi, a jiƙa gurasa a ciki. In igwa ta tashi mu buɗe baki da busasshen dabino mai ƙwari, kowa ya fasa nasa ya hure. Shayi babu. Malam kan tafasa ruwa zalla ya zuba a finjali ya riƙa kurɓa, wai don bakinsa ya tuna.

Azumi bai yi nisa ba nonona ya janye. Baffa ya kama ya ja, ya saki ya yi kuka, har kukan ya koma wani siririn sauti kamar na ɗan kyanwa. Maɗigarsa ta faɗa. Inna ta ce in ajiye azumin, na ce ina jin kunyar in ci da rana a ƙasa mai tsarki.

Yaya Gambo ta ce, "Kunyar wa? Allah ya ba ki rangwame, ke kuma kin fi shi sani? Karɓi."

Gurasarta ce ta sahur, ashe ba ta ci ba. Daga ranar ita ke goya Baffa zuwa Ruwais, ni in riƙe kwando. Takan tauna dabino ta tace da ruwan Kindasa ta ɗiga masa da yatsa, ta tofar da abin da ya rage a bakinta saboda azumi. In an zuba abinci sai ta ja hannu da wuri ta ce ta ƙoshi, ta turo mini gefenta. Na san ba ta ƙoshi ba. Na ci.

Wajen tsakiyar watan Malam ya shigo da sauri, ko zafar bai sauke ba. Ya ce an yi shela, wani jirgi zai zo ya kwashi alhazan ƙasarmu da suka maƙale ya tsallaka da su Sawakin a ƙasar Sudan, daga can kowa ya nemi hanyar gida. Yaya Gambo ta miƙe tsaye, ludayi na hannunta.

Malam ya ce, "Amma akwai magana, Yaya. Mutanen ƙasar Ingilishi kaɗai za a ɗauka. Kano, Katsina, Zariya. Ku Faransa ke riƙe da ku, kuma masu riƙe da ƙasarku yanzu ba sa ga-maciji da Ingila."

"Ni ban san Faransa ba. Ni daga Damagaram nake."

"To shi ne. In an tambaye ki, ki ce Kano."

Inna Bakanuwa ce, ita ta ɗauki aikin koya mata. Suna daka suna bita. "Wace unguwa?" "Gindin Dala." "Ta wace ƙofa kuka fito?" "Ƙofar Mata." "Ina kuke cin kasuwa?" "Kurmi." In ta yi kuskure Inna ta ɗaga taɓarya kamar za ta maka mata, mu yi dariya. Rabon da a yi dariya a gidan an daɗe.

Ranar rubuta sunaye na raka ta, Baffa na bayanta. Wani ofishin Turawa ne a cikin gari. Layi ya fito har titi, ba inuwa, wasu tsofaffi suna sulalewa ƙasa ana yi musu fifita. Sai bayan azahar muka kai gaban teburin. Bature na zaune yana share wuya da hankici, gefensa tafinta, wani Bahaushe mai jar dara.

"Sunanki?"

"Gambo."

"Daga ina?"

"Kano. Gindin Dala."

Tafintan ya ɗago ya dube ta. "Yaya, bakin nan naki ba na Kano ba ne."

"Na daɗe a hanya."

"To ki rantse. Ki ce da azumin da ke bakinki, a ƙasar nan mai tsarki, ke Bakanuwa ce."

Na matsa hannunta. Ta buɗe baki ta rufe. Na baya suna ta "Yalla, yalla!" Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Damagaram."

Tafintan ya sauke murya ya ce, "Ki yi haƙuri. Ba ni na kafa dokar ba." Ya kira na gaba.

Ba ta yi kuka ba. Muka fita ƙofar gari. Ni ce na kasa haƙuri na ce, "Yaya, kalma ɗaya ce fa." Ta ce, "Na sani, Hawwa. Ta ƙi fita."

Da jirgin ya zo muna Ruwais. Ranar ce kaɗai na ga ta juyo ta fuskanci teku. Ta ajiye wuƙa, ta tsaya da Baffa a bayanta, tana kallon hayaƙinsa har ya ɓace.

Daga nan ta canza. Aikinta tana yi, amma takan ɓace da hantsi ta dawo ba ta faɗi inda ta je ba. Ana cikin goman ƙarshe, bayan an sha ruwa, ta ce tana da magana. Ta samu wani mai sambuk da ke tsallakar da mutane a ɓoye daga wani lungun gaɓa a kudu da gari. Bayan salla zai tashi. Ta ba shi mundayenta na azurfa da rigar marigayi.

Malam ya ajiye finjali. "Yaya, ni a ruwan nan na girma. Sambuk ɗin nan cika su ake yi har baki. Jiragen yaƙi na sintiri, in sun ga abu da duhu ba sa tambaya. Wasu masu jirgin in sun tsorata sai su sauke mutane a tsibirin da ba ko ciyawa, su ce an iso. Ki yi haƙuri yaƙin ya ƙare."

"Yaushe zai ƙare?"

"Allah ya sani."

"To ka gani." Ta juya wajen Inna. "Inna, na bar yaro yana wasan ƙasa a ƙofar gida, na ce masa zan je in dawo. Tsohuwata ta manyanta tun a lokacin. In ta faɗi, wa zai riƙe su? Kuma ga ni nan ina cin rabon mai goyo."

Na ce, "Wallahi ke ce ba kya cin naki!"

Inna ta juya carbinta. Can ta ce, "Sale, ƙyale ta. Ni na zauna, na san abin da zama ya ci mini. Ban sake ganin kowa nawa ba."

Salla ta zo ba sabon zane, ba tuwo. Muka wanke tsofaffin kayanmu da ruwan zartsi muka je idi. Kwana kaɗan bayan haka, da la'asar sakaliya, aka aiko cewa masu tafiya su hallara a bayan gari. Inna ta juye sauran farar duka a ƙyalle ta ƙulle mata, da dabino. Malam ya cika gora da ruwan Kindasa, na wunin aikinsa gaba ɗaya, ya rataya mata. Tana da ɗan gwangwanin Zamzam da aka liƙe bakinsa da dalma, tsarabar 'ya'yanta, ta ɗaure shi a ƙugu. Ta kwance Baffa daga bayanta ta miƙo mini. Ya fara murmurewa a lokacin, har yana kama mayafinta.

"Ki ci abinci, Hawwa. Ko ba daɗi ki ci. In na isa zan aiko da saƙo ta bakin alhazai."

Muka raka ta har inda bukkoki suka ƙare. Su kusan cikin gida guda ne, maza da mata, yawancinsu mutanen ƙasar Faransa, suna bin wani Balarabe mai raƙumi. Ta fi su tsawo, shi ya sa na daɗe ina hango kanta.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwa. Hadari ya taso daga teku, aka kwarara kamar da bakin ƙwarya, bukkoki suka cika, rufin Inna ya tashi. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, tukwane, gwangwanaye, har finjalan Malam. Yara na tsalle tsirara, manya na ɗaga fuska suna buɗe baki. Ina tsaye cikin ruwan na ce a raina, yanzu ta kai ƙasar Sudan, wataƙila tana tsinkar auduga tana tara guzuri.

Yaƙi ya ƙare yadda ya fara, a rediyon attajiri. Jirage suka dawo, Malam ya koma gaɓa. Aka rushe ganuwa, aka jawo ruwa da bututu daga kwari, Kindasa ta yi shiru ba wanda ya ɗaga kai. Inna ta rasu. Muka bar bukka muka gina ɗakin bulo. Alhazai suka dawo fiye da da, har aka fara kawo su ta sama. Kowace shekara in sun sauka sai in ɗauki tiren ƙosai in bi masaukinsu ina sayarwa, ina tambaya. "Akwai mutanen Damagaram a cikinku? Kun san wata Gambo, doguwa, mai wushirya, uwar Lawali?" Wasu su ce Damagaram da faɗi. Wasu su ce za su tambaya in sun koma. Saƙo bai zo ba. Malam ya bincika wurin masu sambuk, kowa ya ce bai san mai jirgin ba. Ni dai na ci gaba da cewa hanya ce mai nisa, kuma wanda ya isa gida hidima kan sha kansa.

Sai da Baffa ya zama saurayi ya fara aiki a tasha, wata shekara bayan an sauko daga Arfa, aka yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi. Na leƙa na ga wani mutum dogo, mai ɗan gemu, sanye da farar jallabiya sabuwa. Da ya buɗe baki zai gaishe ni na ga wushiryar, sai na dafa bango.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne Lawali. Wani maƙwabcinmu da ya zo hajji ya ce akwai wata mata a Jidda da ke ambaton Gambo. Shekara uku ina tara kuɗin hanya." Yana magana yana leƙen bayana, cikin gida. "Tana ciki?"

Na ce ya shigo. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na aika a kira Malam. Bai taɓa ruwan ba.

Ya ce, "Ko ta rasu ne? In ta rasu a nuna mini kabarin, ba komai."

Na ce, "Ɗana, ba ta iso muku ba?"

Ya dube ni bai gane ba. Ya ce su abin da aka faɗa musu tun suna yara, bayan kakarsu ta rasu dangi sun raba su, shi ne uwarsu ta ga Makka ta ga daɗi, ta yi aure ta zauna. Haka yara ke yi masa gori a dandali. Yayarsa har ta yi aure ta haifu ba ta yarda a ambaci sunan a gabanta. Shi ma, ya ce, ba don ya rungume ta ya zo ba. Ya zo ne ya tsaya a gabanta ta gan shi da gemu, ya tambaye ta dalili.

Sai na faɗa masa. Na faɗa masa layin gurasa da kawunan kifi, da yadda take auna tsawonsa a jikin 'ya'yan mutane. Na faɗa masa teburin Bature da rantsuwar da ta ƙi fita, da mundayen da ta ba mai sambuk, da gwangwanin Zamzam. Baffa ya shigo ana cikin haka, na ce, "Ka ga wannan? A bayanta ya rayu." Lawali ya dubi Baffa tun daga ƙafa har kai, ya kau da fuska.

Da Malam ya zo ya ɗauke shi a motar haya zuwa lungun gaɓar da sambuk ɗin ya tashi, ni ma na ce sai na je. Wurin ya canza, an fara zuba ƙasa ana cike gaɓar, amma Malam ya gane lungun. Ruwa kwance lumui, shuɗi, ba ko igiyar ruwa. Can nesa manyan jirage sun yi layi suna jiran a sauke su. Malam ya shige gaba, Lawali da Baffa suka tsaya a bayansa, suka yi mata sallar gawa, ba gawa a gabansu. Ni ina gefe a kan wani dutse.

Da suka sallame Lawali ya juya wajen teku. Ya tuɓe takalmi ya taka cikin ruwan har ya kai masa ƙauri, gefen jallabiyarsa ya jiƙe. Ya daɗe a tsaye yana kallon yamma. Malam ya so ya kira shi, na ce ya bar shi.

Can ya fito ya zo ya tsuguna a gabana, gemunsa sharkaf.

"Inna," ya ce, "me zan gaya wa yayata?"

Na ce, "Abin da na gaya maka."

Ya gyaɗa kai. Ya sake waiwayar ruwan, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni yake ba, "Duk shekarun nan muna fushi da ita. Ashe tana tafe."